Jerin Nabwire da Mai Shara

…ga shi kuma ya sake hawa. Koren layin nan da ke fuskar kwamfuta, mai nuna yawan wurin da manhajar ta cinye a ƙwaƙwalwar inji, hawa kawai yake, ba sauka. Sittin cikin ɗari. Sittin da ɗaya. Nabwire ta zabga tagumi tana kallonsa. In ya kai ɗari manhajar ta mutu ke nan. Wannan kwafi ne, tana ɗura masa awon sanyin tanki da sauri don ta nuna wa taro yadda abin yake, amma haka ta ainihin ta mutu ran Talata a Mbarara — tankin sanyaya madara na ƙungiyar makiyaya ya ɗumama, saƙon gargaɗi bai fita ba, lita dubu biyu ta yi tsami. Dubu biyu… aka tuttular a kwata, mata na tsaye da gwangwanayensu suna kallo.

Ƙarfe biyu da kwata. Taro ƙarfe huɗu.

Sabon tsari. Wai sabon tsari. Shekara ashirin da uku tana rubuta manhaja, ba ta taɓa barin datti ko kamar ƙwayar gero a ƙwaƙwalwar inji ba. Kana son wuri, ka nema, a ba ka, ka gama, ka mayar da hannunka. Me ya fi wannan sauƙi? Me ya fi shi mutunci? Mzee Lubega, dattijon da ya koya mata aikin a ɗan ɗakin nan na saman shagon tela a Wandegeya — zafi, hayaƙin masu gasa kaza na tasowa daga ƙasa, kwamfuta uku ga mutum goma sha ɗaya — rula a hannu, yana ƙwanƙwasa tebur. "Yarinya, abin da kika ara ki mayar da hannunki. Inji ba uwarki ba ce da za ta bi bayanki tana tattare miki kaya." Shekara shida da binne shi, har yau in ta rubuta layin neman wuri sai ta ji ƙarar rular nan.

Mzee, da ka ga abin da aka mai da mu…

Yanzu wai ba ka magana da inji kai tsaye. Ka yi rubutunka, a juya shi zuwa wani harshe na tsakiya, ba naka ba, ba na injin ba. Sai a miƙa wa wani wai shi mai gudanarwa — manhaja ce ita ma, ta zauna tsakaninka da inji kamar dillali — shi zai fassara wa injin a daidai lokacin da ake bukata, shi zai duba ko ka sa kalma a gurbin lamba, shi zai ba ka wuri, shi zai karɓe abinsa. Kai fa? Ka zauna ka naɗe hannu. Ga kuma rumbun kayan aiki an girke maka, komai an riga an rubuta. Abin da ta taɓa kwashe mako uku tana yi, don kawai inji ya san watan Fabrairu ba kullum yake ƙarewa a ashirin da takwas ba, yanzu layi ɗaya ne. Layi ɗaya. Kowane ɗan bana-bakwai ya kira shi ya ce ya iya aiki.

Sittin da huɗu.

Mukiibi ne ya kawo sabon tsarin. Mukiibin da ya zo wurinta shekara tara da suka wuce da takalmi ƙafa ɗaya da takardar jami'a a leda, wanda ta zaunar kusa da ita wata shida tana ja masa layi da jan alƙalami. Shi ne ya tsaya gaban farin allo yana zana akwatuna da kibau, ita tana kujera ta biyu kamar 'yar aji ɗaya. Ga shi can yanzu, ƙarshen ɗakin, jikin taga. Tun da matarsa ta haifi tagwaye kowa Ssalongo yake ce masa, uban biyu, shi kuma sai washe baki — yau dai ba baki ba haƙori. Gurasar capati da ƙwan da ya saya tun sha biyu na nan naɗe a leda, ya huce.

"Nnyabo, ki huta," in ji shi ran nan a gaban allo — haka yake kiranta don girmamawa, wato uwargida. "Ki yi amfani da abu, ki sake shi, shi ke nan. Akwai mai shara a ciki, shi zai zagayo ya kwashe."

"Yaushe zai zagayo?"

"Sanda ya ga ya dace."

"Irin motar sharar unguwarmu ke nan. Sai mun ruɓe."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ita kuwa ba wasa take ba.

To ga shi, an ruɓe. Ruwa ba ya tsami banza, balle madara. Madam Atuhaire, mai kamfanin, ba ta san mai shara ba, ba ta san mai gudanarwa ba, ta dai san makiyaya sun ce a nuna musu mai laifi kafin Litinin ko su nemi wani kamfani. Jiya ta faɗa da bakinta, a tsaye, jaka a kafaɗa: in laifin sabon tsari ne a koma tsoho, kwantiragin Mukiibi kuma da zai ƙare ƙarshen wata ba sai an sabunta ba, in kuwa laifin hannu ne, mai hannun ya san inda ƙofa take.

Da safe Nabwire ta aika imel. Gajere. Laifin tsarin ne, ina da hujja. Ta sa kowa a ciki — har shi.

Tana da ita kuwa. Ai ba yau aka haife ta ba. Tun ran da aka ce ta yarda da mai sharar da ba ta taɓa gani ba, ta ce a ranta, za mu gani. Ta buɗe wani ɗan jeri can gefe a cikin manhajar. Duk sanda tanki ya aiko da awon sanyi, manhajar ta ƙirƙiri ɗan akwati ta zuba shi, sai jerin ya riƙe akwatin, don ta riƙa leƙawa ta ga ko an kwashe. Haka Mzee ya koya musu: kada ka ari abin da ba ka rubuta sunansa ba. Ta leƙa yau da safe. Akwati miliyan huɗu da 'yan kai, ko ɗaya bai motsa ba. Ko ɗaya. Ina mai sharar? Barci yake? Ya tafi biki ƙauye?

Saba'in da biyu. Ruwa ya kece, kwanon rufi sai ƙara yake, 'yan boda sun cunkushe ƙarƙashin rumfar gidan mai da baburansu. Hanyar Ntinda za ta tsaya cak yau…

Me ya sa to zuciyarta ba ta yi sanyi ba? Tagwaye. Ta je ganinsu a Kawempe da katan ɗin sabulu, matar Mukiibi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, wai ke ce uwarsa ta wurin aiki. Ƙananan ƙafafu huɗu a kan katifa ɗaya… To ita ta ce ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ita fa? Shekara hamsin da ɗaya. Wa zai ɗauke ta? Duk tallan aikin da ka buɗe sabon tsari suke nema, sai ka ce an hana tsofaffi cin abinci. Ita da aka taɓa ɗaukowa daga Kampala har Gulu a motar kamfani, don manhajar wasu masu bas na mutuwa duk bayan kwana biyu, ta zauna kwana goma sha ɗaya tana bin layi ɗaya bayan ɗaya har ta kamo wurin da aka ara ba a mayar ba. Manajan ya cire hula ya gaishe ta. Wa ya tuna wannan yanzu?

Haushi take ji. Haushin allon, haushin dariyar nan, haushin yadda yake ce mata nnyabo a hankali kamar mai lallashin marar lafiya. Haushin Mzee ma, da ya mutu ya bar ta ita kaɗai da rula a kunne.

Saba'in da tara. Uku saura.

Mama Nankya mai shayi ta shigo da tire tana tattara kofuna. Ta ɗauke na Mukiibi, ta ɗauke na teburin tsakiya, ta iso nan, ta miƙo hannu, ta ga yatsun Nabwire a kan kofin, ta janye ta wuce. Shayin da ya huce tun safe? Wa zai sha? Matar nan ba ta da ido ne? Kofi ba komai sai guntun ganye, a bar mata shi ya tare wuri — to da me za ta yi, ta fizge? Wa ke ƙwace kofi a hannun…

Kibau.

Allon. Akwatuna da kibau. Me Mukiibi ya ce? Wayarta take dubawa a lokacin — a'a, ta ji. Ta ji sarai, rainawa ta yi. "Mai sharar ba ya tambayar kowa ko ya gama. Abu ɗaya yake dubawa: akwai mai riƙe da akwatin nan? In ko kibiya ɗaya na nuna shi, ba zai taɓa ba, ɗauka yake ana bukatarsa."

Ko kibiya ɗaya.

A'a. Jerin ai kallo kawai yake. Gadi ne. Mai gadi ba ya… Riƙewa yake. Ita ta rubuta shi da yatsun nan, ta ce ya riƙe. Miliyan huɗu, kowanne da kibiyarta a jikinsa.

A'a, a gwada tukuna. Gani ya kori ji. Ta buga ba daidai ba, ta goge, ta sake. Kwafi na biyu. Layukan jerin uku ne kacal, ta kashe su, ta kunna. Sabon koren layi ya taso. Goma. Sha biyar. Ashirin. Hau mana… don Allah ka hau, ka wuce, kada ka… ashirin da biyu — ya faɗo. Tara. Ya sake hawa, ya sake faɗowa, kamar haƙoran zarto. Ba wanda ya kira shi. Ya zo, ya kwashe, ya tafi, bai nemi a gode masa ba.

Ta bar shi minti ashirin. Ta bar shi rabin awa. Bai wuce ashirin da biyar ba ko sau ɗaya. Tagar hagu a fuskar kwamfutar, kwafin farko mai jerinta, tamanin da takwas.

Mzee, abin da ka ce na yi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na rubuta sunan komai, na sa ido a kan komai… Sabo turken wawa, haka ne? Dariya kake?

Lita dubu biyu. Da hannunta. Matan nan da gwangwanayensu, da suka tashi tatsa tun rana ba ta fito ba.

A goge layukan. Shiru. A tura gyaran, a ce an ɗan daidaita wasu abubuwa, tsarin ne mai wuyar sha'ani amma an shawo kansa — kowa ya tsira, ko? Ko? Sai dai tarihin rubutun ba ya mantuwa, wa ya sa, wa ya cire, rana da sa'a. Madam Atuhaire ba ta iya karanta shi ba. Mutum ɗaya ne zai duba. Ta buɗe don ta ga abin da zai gani, ga layukanta uku, ga sunanta, ga kuma wani ɗan saƙo maƙale a gefe, mako biyar da suka wuce. Nnyabo, jerin nan — ina ganin zai hana a kwashe. In kin samu sarari mu duba tare? A ƙarƙashinsa amsa, tata. Bar shi. Na san abin da nake yi. Ta rufe maganar da kanta, ta ma manta ta rufe.

Ya sani ke nan. Tun Talata? Ya karanta imel ɗinta da safe, wannan na hannunsa, bai ce uffan ba. Don me? Kunya? Jira yake a shiga taro ya baje a gaban kowa? Ko ya manta — uban tagwaye kansa ba a wuri ɗaya yake ba, zai iya mantawa, zai iya… Ko kuwa jira yake ita ta faɗa. Wannan ne ma ya fi ciwo. Da ma ya zo ya zage ta, da ta san abin da za ta yi da zagi. Wannan shirun, da abincin da ya huce a leda, ina za ta kai su?

Huɗu saura biyar. Madam Atuhaire ta leƙo ta nuna agogon hannunta. Kujeru sun fara motsi. Ruwan bai tsagaita ba. Mukiibi ya taso, ya zo ya tsaya gefen teburinta, idonsa ba ya kan fuskar kwamfutar — ko yana kai?

"Nnyabo, in ɗaukar miki kwamfutar?"

Taga biyu a buɗe. Ta hagu casa'in da bakwai, ta dama sha ɗaya. Ɗaya za a nuna a taro. Shekara ashirin da uku… ƙananan ƙafafu huɗu… Ta gaji, gajiyar har cikin ƙashi. Hannunta na kan murfin. Nasa a miƙe, yana jira, kuma ta san shi, ba zai ɗauka ba sai ta saki.

Casa'in da takwas…