Minti Bakwai na Auta

Auta ya yi wa mahaifinsa ƙarya, kuma lalaci ne kawai ya sa shi.

Mahaifin tela ne. Tun da matarsa, uwar Auta, ta rasu, kullum da hantsi yakan jingina tsohuwar wayarsa a jikin keken ɗinki ya kunna saƙonninta na murya. Ba wasu manyan maganganu ba ne. "Malam, ka taho da baƙin zare." "Malam, hadari ya haɗo, ka rufe tagar shago." Yana ji sai shagon ya cika da ƙamshin turarenta, ya ga kamar labule ya motsa, ta leƙo da tabarau a kan hanci tana harararsa. Ƙafarsa na taka keke, shi kuwa yana can wata duniya.

Da batirin wayar ya kumbura, 'ya'ya suka sayo masa sabuwa, aka ba Auta aikin kwashe komai zuwa cikinta. Lambobi suka wuce, hotuna suka wuce. Da aka zo kan muryoyi, wayar ta nuna saura awa biyu. Abokai na jiransa a filin ƙwallo. Ya katse aikin, ya goge tsohuwar tas, ya bar wa mai gyaran waya ya cire abin da zai moru.

"An kwashe duka?" in ji tsohon.

"Duka, Baba. Har tarin da kake yi na kwashe."

Washegari tsohon ya lalubo sunanta. Ga hotonta tana murmushi, ƙarƙashinsa wayam. Duk da haka ya kara wayar a kunne, ya daɗe yana jira. Labule bai motsa ba.

Ya aika aka kira Auta. Bai ko ɗaga kai daga wuyan rigar da yake ɗinkawa ba.

"Saƙonnin da ta bar mini na haddace su, muryar ce ba ni da ita. Amma akwai ɗaya naka. Daga gadon asibiti ta turo, ta ce in kunna maka ranar aurenka. Minti bakwai ne."

Auta ya durƙusa. "Baba, me ta ce?"

"Ban buɗe ba. Amana ce, ba nawa ba ne."

Auta ya ruga wurin mai gyara, ya iske wayar a wargaje cikin kwalin tarkace.

Bayan shekara biyu Auta ya yi aure. Bai ji abin da uwarsa ta bar masa ba, kuma ba zai taɓa ji ba.