Gadin Ranar Juma'a

"Injin ban-ruwa biyu da batirin sola! Kina zaune, idonki biyu, aka fita da su!"

Ɗalha ne yake wannan kururuwar a tsakiyar layi, dardumar sallarsa har yanzu tana kafaɗarsa, hularsa ta karkace. Ko minti biyar bai yi da dawowa daga masallacin Juma'a ba. Angela tana tsaye a ƙofar shagonta da jarkar zoɓo a hannu, ta kasa yarda da abin da kunnenta yake jiye mata.

"Malam Ɗalha, ai kawunka ne ya ɗauka. Ya ce kai ka aiko shi."

"Wane kawun nawa? Ni kawuna ɗaya ne a duniya, kuma shekararsa huɗu a kabari!"

Angela ta ajiye jarkar a ƙasa don kada ta kuɓuce mata.

Shekara goma sha shida ke nan Angela tana wannan layin na bakin kasuwar Gumel. Shaguna bakwai ne a jere, nata ne na tsakiya, tana sayar da taliya da madara da sabulu da zoɓo mai sanyi. Daga Kagoro mijinta Jethro ya taho da ita lokacin da aka turo shi aikin duba dabbobi. Da ya rasu dangi suka ce ta tattaro ta koma gida, ta ce nan ma gida ne. Da wannan shagon ta ciyar da 'yarta Purity, da shi take riƙe da ita a makarantar koyon jinya.

Sauran masu shagunan duk maza ne Musulmi, kuma tun zuwanta aka faɗa cikin wata al'ada da babu wanda ya zauna ya tsara ta. Ranar Juma'a, da an yi kiran farko, kowa zai ja bencinsa ya gitta a ƙofar shago, ya ɗaga murya ya ce, "Maman Purity, ga shago nan!" Ita kuma ta ce, "A dawo lafiya, a sa mu a addu'a." Iyakar gadin ke nan, babu kwaɗo babu makulli. Ta sha matse fitsari na awa biyu don kada ta bar layi ba kowa. Ta kori awaki daga buhunan gero, ta kwashe yadikan Ubale tela daga ruwan sama har ta kwanta mura. Ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Tukwici kuwa, ko na sabulun wanki babu wanda ya taɓa miƙo mata, ita ma ba ta taɓa sa rai ba.

Yau ga shi rana ɗaya an yi ɓarna, har an tara mata jama'a kamar wadda aka kama da kaza a zani.

"Ku dakata," in ji Alhaji Baffa, yana ratsowa cikin mutane da sandarsa. Shi ne dattijon layin, mai sayar da hatsi, kuma ginin shagunan duka nasa ne. "Ba a shari'a a kan titi. Maman Purity, faɗa mana yadda aka yi."

Ta faɗa. Wajen ƙarfe biyu saura kwata, layi ya yi tsit, sai ga adaidaita ta tsaya. Dattijon nan mai farin gemu ya fito, wanda yake zama da su kullum. Ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar Purity. Ta ce, Baba, ba ka tafi masallaci ba? Ya ce ai shi ya yi tasa a masallacin da suke tayarwa da wuri. Ya ce Ɗalha ya sayar wa wasu manoman rani na Gagarawa Tasha injina biyu da batir, motarsu tana tasha za ta tashi, shi ne ya ce ya zo ya kai musu. Ya ɗage bencin da hannunsa, ya shiga kai tsaye inda kayan suke, bai ko yi dube-dube ba.

"Ke kuma kika bar shi," in ji Ɗalha.

"Ba barinsa kawai na yi ba," ta ce. "Ni na kama masa batirin muka sa a adaidaita. Na ga tsoho ne."

Wani daga baya ya yi dariya. Ɗalha ya tafa hannu ya juya ga jama'a.

"Kun ji ko? Da bakinta! Ita ta kama masa! Alhaji, wallahi haɗin baki ne. Mutumin da ko sunansa ba ki sani ba, ki ɗora masa dukiyata a mota? Ni dama na sha faɗa, irin waɗannan mutanen..."

Bai ƙarasa ba, don Baffa ya galla masa harara. Amma ai ta riga ta ji. Irin waɗannan mutanen. Ɗalhan da ta yi wa matarsa jinya kwana uku a asibiti lokacin da ta yi ɓari, Ɗalhan da 'ya'yansa suke shan zoɓonta kyauta tun suna rarrafe.

Baffa ya ce a watse, bayan la'asar masu shaguna kaɗai za su zauna a rumfarsa. Kafin ya juya ya rage murya ya ce mata, "Ki yi haƙuri, amma ki sani maganar ta yi nauyi. Ɗalha yana son a kai ki wurin 'yan sanda. Ni ba na son haka. Sai dai in mutanen layi suka ce ba su amince da zamanki ba, ba ni da yadda zan yi, sai in karɓi shagona."

Ta koma ciki ta zauna a kan katan ɗin taliya. Awa biyu babu wanda ya leƙo sayen ko ashana. Masu wucewa sai su rage tafiya, su leƙa, su ƙara gaba. Ta ɗauki waya za ta kira Purity, ta ajiye. Me za ta ce mata? Uwarki ta zama ɓarauniya a garin da aka binne ubanki?

Abin da ya fi ci mata rai shi ne tana ganin fuskar tsohon a idonta sarai. Mako uku da suka wuce ya fara zuwa. Ya sayi zoɓo, ya zauna a bakin shagonta ya sha, ya tambaye ta mutuniyar ina ce. Da ta ce Kagoro, sai ya washe baki ya ce ya yi zaman Kafanchan yana saurayi, har ya kwatanta mata dutsen garinsu yadda yake tsaye a kan gidaje. Sannan ya tambayi sunanta na yanka. Tun ranar bai ƙara ce mata Maman Purity ba, sai dai Madam Angela. Rabon da ta ji wannan sunan a bakin wani namiji tun Jethro yana da rai. Washegari ta gan shi a bencin Ɗalha, hannunsu a kwano ɗaya na dambu, Ɗalha yana ce masa Kawu. Wa zai ga haka ya ce a kawo katin shaida?

Tana cikin wannan tunanin ne ta miƙe zumbur. A kwano ɗaya. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta wanke fuska da ruwan leda, ta jira la'asar.

Su shida suna kan tabarma a rumfar Baffa, aka ajiye mata kujerar roba daga gefe. Ɗalha ya sake zuba maganarsa tun daga farko, ya ƙara mata gishiri. Da ya gama, Baffa ya ce ko tana da abin cewa.

"Tambaya ɗaya ce da ni, Alhaji. Malam Ɗalha ya ce na ba mutumin da ban san sunansa ba kaya. Gaskiya ne, ban sani ba. To shi da suke cin dambu tare, ya faɗa mana sunansa."

Ɗalha ya ce, "Ni ina ruwana da sunansa? Ai surukin Alhaji ne, daga Sule Tankarkar. Don darajar Alhaji nake ce masa Kawu."

"Surukin wa?" Baffa ya ɗago da sauri. "Ni ban haɗa komai da shi ba! A shagon Ubale na fara ganinsa. Na ɗauka baƙonsa ne, cikin dillalan shanun nan da suke jiran kasuwar Maigatari ta Alhamis."

Duk aka juya ga Ubale. Tela ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa.

"Ni fa cewa ya yi Alhaji ne ya turo shi in rage masa hannun riga. Da na ga kullum yana gaisawa da Alhaji hannu biyu, sai na... to, har shadda na ɗinka masa. Ruwan toka."

"Ita ce a jikinsa yau," in ji Angela. "Ta yi masa kyau ƙwarai."

Babu wanda ya yi dariya. Mai gyaran waya ya ce shi ma ya sha yi masa cajin waya, ya zaci limamin wani ƙauye ne. Mai kayan gini ya ce ranar Talata ma tsohon ne ya ja su sallar azahar a nan rumfar, don shi ne mafi furfura. Mako uku mutum yana zaune a tsakiyarsu, yana shan shayinsu, yana jin wa ya kawo sabon kaya da inda ya ajiye, kowa yana ganin baƙon ɗan'uwansa ne. Kuma a cikinsu babu mai ƙarfin halin duban mai farin gemu ya ce, Baba, kai wane ne, wurin wa ka zo? Ai rashin kunya ne. To kunyar ce ta yi awon gaba da injina biyu da batir.

Angela ta miƙe tsaye. Ba ta yi niyyar ɗaga murya ba, muryar ce ta ɗaga kanta.

"Ku shida, maza, masu gemu da hankali, kuka zaunar da shi, kuka ciyar da shi, kuka ɗinka masa riga, kuka bi shi salla. Ni da na gan shi a hannunku na yarda da shi saboda ku, ni ce ta haɗin baki? Ni ce irin waɗannan mutanen? Malam Ɗalha, wa ya nuna masa inda injinan suke? Ni ko ciki ban taɓa shiga ba. Shekara goma sha shida ina gadin ƙofarka, ban taɓa tsallake bencin nan ba!"

Ɗalha ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Baffa ya yi gyaran murya ya ce lallai ƙaddara ce ta faɗa wa layi gaba ɗaya, babu laifin kowa. Maganar 'yan sanda, za a je a ba da rahoton tsohon, ba nata ba. Maganar shago kuwa, a bar ta, ba a ma yi ta ba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka shafa.

Ta tsaya tana jira. Ta ba su lokaci, har ta yi kamar tana gyara takalmi. Babu laifin kowa, shi ke nan. A gaban kasuwa guda aka kira ta ɓarauniya, a ƙarƙashin rumfa kuma aka wanke ta a gaban mutum shida, cikin ƙasa-ƙasa da murya. Wanda ya yi kururuwar bai ce mata ko sannu ba. Ta ɗauki kujerar robar ta mayar inda aka ɗauko ta, ta koma shagonta.

Rana ta yi ja, aka kira magariba. Masu shaguna suka fito da butoci suka yi alwala a bakin kwata, kowa yana kauce wa idon kowa. Angela tana shigar da kayanta ciki, abin da ba ta saba yi ba sai bayan isha'i. Ɗalha ya ja bencinsa, ƙafafun suka yi ƙara a kan siminti, ya gitta shi a ƙofa. Hannunsa ne ya yi aikin da ya saba, bakinsa ma ya bi.

"Maman Purity, ga sha..."

Ya tsaya. Ta juyo da kwaɗo a hannunta.

"Malam Ɗalha, ɗazu ka ce ba a ba wanda ba a san sunansa ba amanar kaya. Ka yi gaskiya. To mene ne sunana?"

Ya dube ta. Ya dubi Ubale, Ubale ya dubi butarsa. Ya dubi Baffa, wanda ya tsaya da hannun riga a naɗe, leɓɓansa suna motsi kamar mai lalubo wani abu da ya ajiye tun da daɗewa.

"Ai... Maman Purity," in ji Ɗalha a hankali.

"Wannan sunan 'yata ne." Ta ja ƙofar ƙarfen, ta datse kwaɗon. "Shi ɓarawon ya tambaya."

Ta saɓa jakarta ta bi layi, ba ta waiwaya ba. Liman ya riga ya tayar da salla a masallacin bakin titi, amma babu wanda ya motsa tukuna. Sai da ta kai kwanar masu lemo sannan ta fara jin ƙarar a bayanta, ƙofofin ƙarfe ana jan su ɗaya bayan ɗaya, da muryar Ubale yana tambayar ko akwai mai kwaɗon da ba ya amfani da shi.