Saura Gaba Biyu

A shekarar da damina ta ƙi, rijiyar garinmu ta rufta ranar wata Laraba da hantsi, ta binne igiya da guga. Garin ƙarami ne, tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ruwa mafi kusa tafiyar yini guda ce.

Mutane ba su ruɗe ba tukuna, don sun san Barau, mai kula da rijiya, ya yi tanadi. Shekara shida da suka wuce ya sa aka haƙa ta biyu aka rufe da itace, ya tufka igiyar rama gaba talatin ya rataye inda gara ba ta kai wa, yana shafe gugan ajiya da man shanu duk wata.

Aka buɗe, aka zura guga. Igiya ta ƙare a hannun Barau, ba a ji ƙarar ruwa ba. Ashe a shekarar wadata ya auna ta, ruwan kuwa ya ja ƙasa.

Dagaci ya ce, "Barau, in la'asar ta yi ba ruwa, gari zai tashi."

Barau ya dubi gidansa. Matarsa Kyauta kwananta uku da haihuwa, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa.

"Ranka ya daɗe, mai jego fa?"

Dagaci ya kau da kai.

Aka kwance igiyoyin 'yan jakan da fari ya rage. Aka ƙulla da na awaki. Liman ya warware rawaninsa. Cindo mahauci ya zare mazagin wandonsa yana riƙe da ƙugu, ya ce, "Sarkin tanadi, ga nawa. Saura ka ce mu aske gemu a tufka!" Ba wanda ya yi dariya.

Barau ya kwanta ruf da ciki ya leƙa, ya ga ruwan na ƙyalli can ƙasa, guga na lilo a samansa.

"Saura gaba biyu," ya ce. "Jama'a, don Allah, gaba biyu!"

Sai ga mahaifiyarsa, Inna Hajaratu, tana dogara sanda, da ƙullin farin ƙyalle a hammata. Kowa ya gane shi. Likkafaninta ne, ita ta kaɗa zarensa da hannunta.

"Kai wannan," ta ce, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "tsaga shi."

"Inna, in ta Allah ta kasance, da me za mu..."

"Ka ga na mutu ne? Tsaga, rana na yi."

Ya tsaga, ya murɗa, ya ƙulla. Igiya ta tafi, ta tafi, sai ta yi nauyi. Mutum huɗu suka ja a hankali, kowa idonsa a kan ƙulle-ƙullen. Guga ya fito da rabi, ruwan jajir da laka.

Hannuwa suka miƙo ta ko'ina. Inna Hajaratu ta gitta sandarta a bakin gugan.

"Mai jego tukuna," ta ce.