Sakamakon Malama Safara'u

Ubaidullah ya ajiye takardar a gaban Darakta, ya ɗora yatsa a kan layi na bakwai.

"Ranka ya daɗe, wannan makarantar ta Kawo nake so a sake dubawa."

Darakta Alhaji Rabe bai ɗago ba. Tun makon jiya aka yanke shawara a ofishin ilimin: duk makarantar da sakamakonta na jarrabawar gama firamare ya faɗi da fiye da kashi goma cikin ɗari, a sauke shugabanta. Ubaidullah ne ma'aikacin ƙididdiga, shi aka sa ya fitar da sunayen.

"Bara saba'in da biyar, bana sittin da biyu," in ji Darakta. "Me za a duba?"

"Yaran ba su da yawa. Bara ashirin da huɗu suka zauna, sha takwas suka ci. Bana ashirin da ɗaya, sha uku suka ci. Da ƙarin yara uku kacal sun ci, da ta wuce bara. Wani ya tashi da zazzaɓi, wani ya zo bai karya ba, shi ke nan alkaluma sun canza. Kuma tambayoyin bana sun fi wuya. Ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba."

Darakta ya cire tabarau.

"Bara da ta tashi daga sittin, mun kira shugabarta taro mun ba ta takardar yabo. Kai ka kawo sunanta. Ban ji ka ce yara ba su da yawa ba."

Haka kuwa aka yi.

"In na cire mutum ɗaya, gobe sauran duk suna ƙofata." Ya sa hannu a takardar sauke shugabar. "Tunda ka san wurin, kai mata."

Ya hau keke daga Doka da ambulan a aljihun gaba. Makarantar na bayan tasha, har cikin aji ana jin 'yan kamasho suna kiran fasinja. A nan ya yi firamare, kuma shugabar, Malama Safara'u, ita ce ta koya masa rabawa a aji huɗu.

Ya same ta a ofis tana liƙe littattafan karatu da suka yage.

"Ubaidu, kai ne? Ya Hajiya da ƙafa?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata ambulan da hannu biyu. Ta karanta a hankali. An mayar da ita hedikwata, teburin da ba aji, ba yara. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya.

"Ba zan ce ka nema mini alfarma ba," ta ce. "Kai ka san lissafi. Gaya mini tsakani da Allah, aikina ne ya lalace?"

"Malama, waɗannan alkaluman ba za su iya nuna haka ba. Aji ƙarami ne, jarrabawar kuma ba iri ɗaya ba ce. Irin wannan hawa da sauka yakan faru ko da ba abin da ya canza."

Fuskarta ta ɗan saki. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki wani littafin, sai kuma ta ajiye.

"To na bara fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce mata wani abu dabam, amma ita ce ta hana shi rubuta amsar da bai iya nuna hanyarta ba.

"Shi ma haka ne, Malama."



"Lokacin Malam, maigidana, yana asibiti," ta ce. "Har gadonsa na kai masa takardar yabon, ya sa na karanta masa sau biyu. Ya ce yanzu dai an ga abin da na shekara talatin ina yi. Bai ƙara sati ba ya rasu."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ta ninke takardar Darakta ta sa a jaka. "Da ka bar mini na bara, Ubaidu."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta gyara mayafi, ta ɗauki alli, ta nufi aji shida. Bai tashi daga inda ya durƙusa ba sai da ya ji muryarta tana cewa yara su buɗe shafi na arba'in.