Kwalaye a Ofishin Hedimasta

Maman 'Yan Biyu tana ciro zannuwan gado daga injin wanki na uku wayarta ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Ta goge hannu a cinya ta duba. Saƙo ne a zauren iyayen 'yan aji biyar, daga malamar ajin: "Jerin iyayen da suka yi watsi da karatun 'ya'yansu tun da aka rufe makaranta." Mutum talatin da ɗaya. Ita ce ta bakwai, har da lamba biyu a gefe, wato yara biyu ta watsar.

Ba ta gama haɗiye wannan ba ƙanwar mijinta ta kira tana dariya. "Matar yaya, ashe kin shiga jarida?"

Ta kashe kiran.

Wata biyu ke nan da annoba ta sa aka rufe makarantu, aikin ɗakin wanki na asibiti kuwa ya ninka. Waya ɗaya ce a gidan, don mijinta direban babbar mota ne, yana can hanya da tasa. Ƙarfe goma na safe ake darasi kai tsaye ta waya, ita kuma tun bakwai tana cikin tururi da warin bilic, kuma ta wannan wayar shugabar sashe ke nemanta. In ta koma gida da yamma, 'yan biyun su warce wayar, su tarar darasi ya wuce, sai tulin aikin gida a kan abin da ba su ji ba. Ita ke zama da su, ƙafafu a kumbure, tana kokawa da lissafin sulusi da rubu'in da ta manta tun tana budurwa. Wannan ne watsi?

Ana cewa lokacin hutun rana ya yi ta fita, ko takalmin robar ba ta tsaya cirewa ba.

A ƙofar makaranta maigadi ya tare ta. "'Yata, ai a rufe muke."

"Baba, in a rufe kuke, motocin nan biyu aljanu ne suka shigo da su?"

Ya dube ta sau ɗaya, ya matsa.

Ta iske malamar a ajin da babu kowa, zaune a kujerar yara kusa da taga, inda sabis ke ɗan kamawa. Ta jingina waya da kwalin alli, ga jariri goye a bayanta.

"Malama, ni ce ta bakwai," in ji Maman 'Yan Biyu. "Na kawo miki fuskata ki gani, tunda kin iya tallata mutane. Kin taɓa kirana kin ji yadda nake? Kin san ƙarfe goma ina wanke aman marasa lafiya? Ke da kike zaune a inuwa kike rubuta wa ya damu da 'ya'yansa, wa bai damu ba!"

"Ba ni na rubuta ba, Maman 'Yan Biyu. Daga ofis aka turo, aka ce in saka kafin sha biyu."

"Ofis ne ya danna, ko yatsanki?"

Malamar ta sunkuyar da kai. "Yatsana ne."

Wannan amsar ta ɗan rage mata gudu, don ta zo ne da shirin musu. Malamar ta gyara goyo ta ci gaba, ita ma ashe a cike take. Sau uku tana roƙon a bar ta ta naɗi darasin da murya, yara su saurara duk sa'ad da waya ta dawo gida. Aka hana, wai ofis ba ya ƙirga sai waɗanda suka shiga kai tsaye.

"Yara takwas nake koyarwa a cikin arba'in," in ji ta. "Ga kwamfutocin hannu can sati uku a ofishin hedimasta, ko leda ba a cire musu ba."

"Kwamfutocin me?"

"Na tallafi. Na gidajen da ba su da waya."

Maman 'Yan Biyu ta juya, takalmin robar na ƙara a baranda.

Ƙofar ofishin a buɗe take. Hedimasta na tsaye da wani jami'i mai kati rataye a wuya, wanda aka turo daga sashen tallafa wa karatu daga gida. Mai hoto yana gyara musu tsayuwa a gaban kwalaye da aka jera har kusa da silin.

"Yallaɓai, sannunku da aiki," ta ce. "Na zo karɓar ta 'ya'yana."

Jami'in ya yi murmushi irin na wanda ya saba. "Madalla, Mama. Abu ne mai sauƙi. Za ki shiga shafinmu na intanet, ki cike fom, ki ɗora hoton takardar haihuwa, sai mu aiko miki da lamba ta imel."

"Wanda ba shi da intanet, shi zai shiga intanet ya ce ba shi da intanet?"

"Tsarin ke nan."

"Mutum nawa suka cike?"

Ya kalli hedimasta, hedimasta ya kalli fanka. "Huɗu," in ji jami'in.

"Huɗu! Sati uku! Amma mu talatin da ɗaya kuka samu lokacin rubutawa, har da lamba a gefe."

"Haba baiwar Allah, ki yi magana a hankali," in ji hedimasta. "Nan ofis ne."

"Malam, a hankali na yi wata biyu, ga inda ya kai ni."

Ta ja kwali ɗaya ta zauna a kai, daidai gaban kyamara. Mai hoto ya sauke hannu yana danne dariya. Ta ciro wayarta, ta danna naɗar murya a zauren iyaye, suna ji suna gani. Ta ce duk wanda ya ga sunansa a jerin nan ya zo makaranta yanzu, akwai kayan da aka kawo domin 'ya'yansa, ana ɗaukar su hoto.

Kafin awa guda baranda ta cika: mai gyaran babur da baƙin mai har gwiwar hannu, wata kaka da sanda, matan kasuwa uku, kowa na faɗin tasa lokaci ɗaya. Jami'in ya shige bayan tebur yana ta buga waya. Malamar ce ta ratso da littafin rajista ta zauna a dakali, ta fara rubuta sunayen gidaje da biro, ba tare da ta tambayi kowa izini ba. A nan gabansu ta goge jerin daga zauren, ta rubuta ban haƙuri da sunanta. Hedimasta ya buɗe baki, ta ce, "Malam, daga yau naɗar darasi zan yi. In laifi ne, a rubuta ni."

Ranar dai ko kwali ɗaya ba a buɗe ba, wai sai an samu izini daga sama. Maman 'Yan Biyu ta koma asibiti a makare, shugabar sashe ta wanke ta tas a gaban abokan aiki, ta tsaya ta shanye.

Sai bayan kwana tara aka raba. Guda arba'in ne ga makarantar gaba ɗaya, aji biyar suka samu shida. Ba a ba Maman 'Yan Biyu ba, wai bincike ya nuna akwai waya a gidanta. Kakar nan mai sanda ta samu, kuma gidanta layi biyu ne da nasu, sai ta aiko cewa 'yan biyun su riƙa zuwa su zauna da jikarta.

Da aka buɗe makaranta, hedimasta ya hango Maman 'Yan Biyu a bakin ƙofa ta rako yara, ya taho da fara'a yana cewa ai ita ce jarumar iyaye, za su sa ta a kwamiti.

"Ƙarfe nawa kuke zaman?" ta tambaya.

"Goma na safe, ranar Talata."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ja dogon tsaki, ta tsallaka titi ta tari mota.