Maigari Ya Ƙi Sakin Dutse

Kowa a unguwar ya san Arzika direba da taurin kai, amma ba a ga iyakarsa ba sai da ya ajiye tuƙi. A tafiyarsa ta ƙarshe, da ya sauke albasar Aliero a Legas, bai sayo shadda ko agogo ba. Akwatin gilashi ya ɗauko, da buhun gishirin teku, da 'yan kifaye masu launi. Kifin teku a Jega! Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ya kafa akwatin a ɗakinsa na ƙofar gida, ya haɗa masa ɗan injin iska da sola. Cikin kifayen akwai wani shuɗi, bai wuce babban yatsa ba, amma jaraba ce tsagwaronta. Ya zaɓi wani dutse mai rami a tsakiyar ruwan, ya ce nasa ne. Duk kifin da ya gitta sai ya bi shi da cizo, har sauran suka daina cin abinci, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Arzika ya zage shi tas, sannan ya ci gaba da ciyar da shi. Ya raɗa masa suna Maigari.

To, wannan ɗakin ne ɗansa Sirajo ya sa wa ido. Sirajo dillalin albasa ne, ɗakin kuma yana bakin titi, mota na iya tsayawa a ƙofarsa. So yake ya riƙa jibge buhuna a ciki, tsoho ya koma sabon gidan da Sirajon ya gina a bayan gari, mai tayil da fanka. Aka yi ta lallashi, aka turo dangi daga Maiyama, aka turo liman. Arzika ya gaji ya ce to, amma wallahi bakinsa ne kawai ya faɗa. Ɗakin mahaifinsa ne, a nan mahaifin ya cika, kuma ta tagarsa Arzika ke jin kukan manyan motoci yana faɗin wadda injinta ba lafiya.

Ranar tashi aka ɗaure katifa, aka kwashe kwanuka. Saura akwatin.

"Baba, sai an hidda dutsen ga, an rage ruwa, kana shi ɗauku," in ji Sirajo.

"Ga 'yar raga nan," Arzika ya ce. "Kama kihin da ita tukuna."

Sirajo ya yi dariya. Shi da ya tashi a bakin gulbi yana lalubo tarwaɗa da hannu cikin laka? A saninsa, duk kifin duniya in ya ga hannu gudu yake yi. "Raga don wanga ɗan abu? Haba Baba!"

Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu, ya dafa dutsen. Maigari bai gudu ba. Ya fito daga raminsa a fusace, ya gantsara wa yatsa cizo, ya ja baya, ya sake dawowa ya tsinki gashin hannu. Sirajo ya fizge hannunsa da salati, ruwan gishiri ya wanke masa gaban riga. Ba jini, ba rauni, sai kunya. Kifin kuwa ya tsaya a bakin rami, ƙayoyin bayansa a miƙe, yana jiran a ƙara.

Arzika ya daɗe yana kallonsa. Shi ma kunya ta kama shi, wadda ta fi ta ɗansa zafi. Ɗan mitsitsin abu ya tsaya wa hannun ƙato, shi kuwa da furfurarsa an ɗaure masa katifa yana kallo. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar.

"Baba, mi kaka yi?"

"Shimhiɗa nika yi. Ba ni zuwa."

"Ai mun gama magana! Gaban liman ka amsa!"

"Na amsa, na kuma warware. Albasarka ta nemi wani ɗaki."

Ran Sirajo ya ɓaci. Ya nuna akwatin da jiƙaƙƙen hannunsa. "Dube shi da kyau, Baba. Ya tsare dutsenai, gaskiya na. Amma wa yar rage mai? Shi ɗai na cikin ruwan ga."

Maganar ta soki Arzika, don ba ƙarya a cikinta. Ya san Sirajo na iya ɗauke ƙafa daga gidan, kuma ya ji tsoron hakan ƙwarai. Duk da haka ya baje katifar a inda take tun farko, ya zauna a kai, ya miƙe ƙafafu.

"Na sani," ya ce. "Ni nak kwashe gawarwakin sauran kihin. Maido man kwanukana kahin ka tahi."