Wayar da Na Ɗaure Famfon Garke

Shekara talatin da ɗaya ina aiki a masana'antar sukari ta garinmu, amma ban san amfanin garke ba sai ranar da tankin zumar rake ya tsage.

Garke muke kiran gajeriyar katangar sumuntin da ta zagaye tankin. Tsayinta bai wuce ƙirji ba. Da aka kawo mana sabuwar injiniya daga birni, Yokasta, yarinyar da na girme wa ubanta, sai ta tara mu ta ce an auna katangar ne yadda ko tankin ya amayar da cikinsa kaf za ta riƙe, har da rara.

Na ce, "Injiniya, katangar da akuya ke tsallakewa?"

Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Don Eleuterio, zuma ba ta tsalle, ƙofa take nema. Famfon a hannunka yake, ko?"

A hannuna yake. A gindin katangar, can ƙasan gangare, akwai famfon da ake zubar da ruwan saman da ya taru a garken, ya bi magudana zuwa rafi. Ƙa'ida ita ce ka duba ruwan, ka buɗe, ka tsaya ya tsiyaye, ka rufe. To ga damina, kullum ruwa, ga matakala goma sha biyu, ga ciwon gwiwa. Sai na samo guntuwar waya na ɗaure hannun famfon a buɗe. Wata biyu ina yaba wa kaina wayo.

Ranar wata Talata da hantsi ɗinkin tankin ya ɓalle. Zuma ta malalo baƙa ƙirin, tana hawa katangar, ta tsaya cak ba ta kai baki ba. Ma'aikata suka ɗauki tafi. Ni kuwa wayata na tuna. Kafin in gangara in warware ta in rufe, abin da ya fita ya fita. Na cusa wayar a aljihu, na hau na taya su tafi.

Washegari kifi ya taso ciki sama tun daga gada har bakin teku. Nicanor masunci ne, da rafin nan yake ci da iyalinsa. Shi ya riƙe ɗiyata a coci ranar baftisma, tun daga ranar ba mu kiran juna da suna, sai kompadre. Ya iso ƙofar masana'anta da bokitin mataccen kifi, masunta na biye da shi.

"Ina 'yar birnin? Ta fito ta soya mu gani!"

Manaja ya fito da Yokasta. Ya ce ita ta sa hannu cewa garken lafiya lau yake, saboda haka yau za ta tattara kayanta. Ta dube ni sau ɗaya.

Nicanor ya dafa kafaɗata. "Kompadre, ai kai ka faɗa tun farko, katangar banza ce. Maimaita musu, su ji daga bakin manya!"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sa hannu a aljihu na fito da wayar, har lokacin tana danƙo.

"Katangar ta yi aikinta," na ce. "Yarinyar nan ma ta yi nata. Ni na bar ƙofa a buɗe."

Nicanor ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya janye hannunsa daga kafaɗata, ya ajiye bokitin a gabana.

Yokasta na nan a bakin aikinta, ta sa wa famfon kwaɗo. Ni an sallame ni, ban yi gardama ba. Kifi ya dawo bayan damina biyu. Ran Lahadi har yanzu teburinmu ɗaya da Nicanor wajen wasan domino, in na zauna yakan ɗaga kai ya gaishe ni da ladabi.

"Barka da zuwa, Don Eleuterio."